Faifan Karrama Jack Kerouac: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Jack Kerouac, marubucin Amurka da aka haifa a garin Lowell a 1922 ya kuma rasu a 1969, ya yi rubutunsa ne don kunne. Shi da abokansa na rukunin marubutan da ake kira Beat sun bijire wa ƙa'idojin rubutu na makaranta, suna jan jimla yadda mai busa jaz ke jan numfashi. Shi ya sa mawaƙa suka daɗe suna fitar da faifai don karrama shi. Faifai huɗu masu ɗauke da sunansa ne mai saye zai fi cin karo da su, kuma tambayar farko a kan kowanne ita ce: ana jin kalmomin, ko kiɗa ya danne su? Faifan da sai ka buɗe littafi kafin ka gane abin da ake faɗa ya ci amanar marubucin.

Wanda ya fi dacewa a fara da shi shi ne Kerouac: Kicks Joy Darkness, wanda kamfanin Rykodisc ya fitar a 1997. Jim Sampas ne ya shirya shi, ɗan ɗan'uwan matar Kerouac ta ƙarshe, tare da Lee Ranaldo na ƙungiyar Sonic Youth. Sassa 25 ne a sidi ɗaya, kusan kowanne da muryarsa daban. Ƙungiyar Morphine ce ta buɗe, kuma babu wanda ya fi su dacewa: kayan kiɗansu ganga ce da babban sakasofon da jitar bes mai tsirkiya biyu, duk sauti ne na ƙasa-ƙasa da ke barin wa murya fili. Joe Strummer ya ɗauki tsohuwar muryar Kerouac da kansa ya shimfiɗa mata kiɗa a ƙarƙashi. Patti Smith ta yi nata karatun, Thurston Moore da Lenny Kaye na raka ta. Akwai Hunter S. Thompson da Lawrence Ferlinghetti da John Cale da Johnny Depp da Michael Stipe. Abin da ya ƙara wa faifan nauyi shi ne mutum uku daga cikin waɗanda ke ciki sun rasu a shekarar da ya fito: Allen Ginsberg a watan Afrilu, Jeff Buckley a Mayu, William Burroughs a Agusta.

Yana da aibi. Wasu daga cikin 'yan rok ɗin sun ɗauka ƙara ita ce girmamawa, kuma da yake ba wuri ɗaya aka ɗauki sassan ba, ƙarfin sauti yana hawa yana sauka, hannunka ba zai yi nisa da maɓallin ƙara ba. Duk da haka shi kaɗai ne ya nuna cewa rubutun yana rayuwa a bakin wasu. Sannan ya fi karkata ga waƙoƙi da wasiƙu da gajerun rubuce-rubucen da ba kowa ya sani ba, bai sake tauna shahararren labarinsa na 1957, On the Road, ba.

Akwatin The Jack Kerouac Collection na kamfanin Rhino, 1990, sidi uku, ba faifan karramawa ba ne, muryar mai abin ce. Ya tattara faifansa da Steve Allen ya kaɗa masa fiyano, da wanda Al Cohn da Zoot Sims ke amsa masa gajerun baitoci da busa, duka na 1959, da na kamfanin Verve na 1960 wanda babu kiɗa sam. Da shi ake auna sauran, amma a gwanjo aka fi samunsa. Jack Kerouac Reads On the Road na 1999 na masu tara kaya ne. Ban da karatun kusan rabin awa da waƙar Tom Waits da ƙungiyar Primus, sauran cikon benci ne. One Fast Move or I'm Gone na Jay Farrar da Ben Gibbard, 2009, waƙoƙi ne masu daɗi da aka yanko kalmominsu daga littafin Kerouac mai suna Big Sur, amma sun lallaɓe littafin da ke ba da labarin mutumin da giya ke rusawa.

Yanzu batun jabu, domin a nan kuɗi ke salwanta.

Idan sidi ne, juya shi ka duba bayansa. Na kamfani launin azurfa ne. Wanda aka kwafa a kwamfuta yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, kuma da ido za ka ga iyakar inda rubutun ya tsaya. Sai ka duba zoben da ke kusa da ramin tsakiya. Daga 1994 masana'antu suka fara buga ƙaramar lamba mai farawa da IFPI a wurin, saboda haka ya kamata ka same ta a faifan 1997. Rashinta a bugun Rhino na 1990 ba laifi ba ne, lokacin ba a fara ba. Ka nemi mai sayarwa ya turo hoton wannan zoben, ka gwada lambobin da waɗanda ke Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan faifai. Wanda ya ce hoton kwali ya isa, rabu da shi. Yawancin faifan Rykodisc na wancan zamani suna zuwa a gida mai launin kore-kore, amma kada ka dogara da wannan, domin gida yana fashewa a canza shi, kuma mai damfara ma yana iya samun koren.

Ɗan littafin da ke ciki rabin kayan ne. A faifan 1997, shi ne ke gaya maka wa ke karanta me. Akwatin Rhino kuwa ana yawan sayar da shi babu littafin a kan farashin cikakke. Tambayi wannan a rubuce kafin ka biya.

Akwai wata damuwa da ba jabu ba ce a doka amma sakamakon ɗaya ne. A Turai, sautin da aka fitar kafin 1963 ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka, don haka wasu ƙananan kamfanoni ke sake buga faifan Kerouac na 1959 da 1960. Irin waɗannan ba su da tef ɗin asali, daga tsofaffin faifai suke kwafa, sannan su tace ƙarar da manhaja har murya ta koma kamar ana magana cikin tulu. Alamarsu farashi mai rahusa da sabon hoto a kwali, babu sunan wanda ya gyara sautin.

Masu neman faifan garmaho na asali su san wannan: kamfanin Dot ne ya fara buga faifan Steve Allen, shugabansa Randy Wood ya ji kalmomin bai gamsu ba ya hana fitarwa, sai kamfanin Hanover ya fitar. Kwafin Dot ƙalilan ne suka tsira. Duk wanda ya tallata maka shi a kan kuɗi kaɗan, ko dai bai san abin da ke hannunsa ba ko kuma ya san kai ba ka sani ba, kuma na biyun ya fi yawa. Wajen ingancin faifan kada ka sauka ƙasa da VG+, matakin da masu sayarwa ke ba faifan da ƙarcensa kaɗan ne. Faifan kiɗa yana ɓoye ƙarce, amma na karatu cike yake da shiru tsakanin layi da layi, kowane ƙas-ƙas zai fito fili. Idan za a aiko maka ƙasa mai zafi, a cire faifan daga kwalinsa a ɗaure su tsakanin kwali mai tauri biyu, kada kuma ya yini a cikin mota, zai lanƙwashe.

A YouTube ma an fara samun muryoyin da aka ƙera da manhaja ana jingina su ga marubutan da suka rasu. Karatun da ba a faɗi faifan da ya fito daga ciki da shekararsa ba, kada ka biya ko sisi a kansa.