Hattara da masu "tikitin rahusa" na Angkor Wat

Jama'a, duk mai niyyar leƙawa Kambodiya ya ga kufan Angkor, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi.

Ni da ƙanena muka tsallaka Siem Reap, garin da ke kusa da kufan, daga Bankok bayan mun gama sarin kaya. Tun kafin mu taso na ci karo da wani shafi a Facebook, cike da hotunan fitowar rana a bayan hasumiyoyin Angkor Wat. Mai shafin ya ce zai kai mu yawon wuni guda, tsofaffin wuraren ibada na Angkor Wat da Bayon da Ta Prohm, da ɗan jagora, da mota mai sanyi, har da tikitin shiga, duka dala 30 kowane mutum. Bakinsa kamar zuma. Na tura masa dala 60 cif.

Da na san kan abin, a nan zan farga. Tikitin wuni ɗaya kaɗai dala 37 ne, tun 2017 haka yake, na kwana uku 62, na kwana bakwai 72. Hukumar Angkor Enterprise ce ke sayar da shi, babu ragi, babu ciniki, kuma a lokacin da muka je kowane tikiti da hoton mai shi a jiki. To wa zai saya 37 ya sayar maka 30, ya ƙara maka da mota?

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, maimakon mota sai ga tuk-tuk, irin keken nan da babur ke ja. Direban ya miƙo min ambulan, duhu ya hana ni dubawa. A shingen bincike ma'aikacin ya haska tikitin da tocila, ya kalle ni, ya sake kallon takardar. Hoton wata Baturiya ne mai gilashi, kwanan watan kuma ya wuce. Ƙanena ya tuntsire da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Direban ya rantse shi ɗaukar mu kawai aka ce ya yi, ko kuɗinsa ba a ba shi ba. Na kira mai shafin, waya a kashe.

Haka muka juya zuwa ofishin tikiti na gaskiya da ke Titin 60, aka ɗauke mu hoto, muka biya dala 74. Kafin mu dawo rana ta ɗaga.

A bakin ƙofa muka ɗauki ɗan jagora mai lasisi. Za ka gane su da rigar aiki da katin shaida. Shi ya wanke min baƙin ciki. Ya nuna mana yadda Sarki Suryavarman na Biyu ya gina Angkor Wat a ƙarni na 12 yana fuskantar yamma, ya kai mu Bayon muka ga manyan fuskokin dutse na zamanin Jayavarman na Bakwai, sannan Ta Prohm inda saiwoyin itatuwa suka rungume bango. Ya kuma ja kunnenmu: in wani ya cusa maka turaren tsinke a hannu a cikin kufan, kuɗi zai nema, ka ce ka gode ka wuce.

Ku sayi tikitinku da kanku, a ofishin ko a shafin hukumar na intanet. Kuɗin direba da na jagora kuwa, ku yi ciniki tukuna, ku biya bayan an dawo da ku masauki. Shafin Facebook ɗin nan ya sauya suna, amma hotunan da lambar wayar suna nan yadda na san su.