Neman a-kori-kura ta hannu a Amurka, wadda za ta ja ɗaki

Yaya, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka tambaye ni dalilin da ya sa sayen a-kori-kura ta hannu guda ɗaya ya ɗauke ni lokaci haka, alhali ina ƙasar da motoci suka yi yawa. Dalili shi ne ba don lodin kaya nake nemanta ba, ɗaki nake so ta ja.

Ɗakin tafi-da-gidanka ne mai tayoyi, ba shi da inji, amma akwai gadaje, da madafa, da banɗaki, da firji, da tankin ruwa a ciki. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, maƙwabciyarmu ce mu da ke Ohio. Lokacin hutu mutum ya ɗaura shi a bayan mota, ya tafi da iyalinsa sansanin da ake biya a jona wuta da ruwa. Ga mai yara irina, wanda ke son a dafa masa abin da ya san halal ne, ya fi otel kwanciyar hankali.

Na san Hilux za ka fara ambata, amma babu ita a kasuwar nan. Tun 1964, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan irin waɗannan motoci idan daga waje aka shigo da su. Abin da Toyota ke sayarwa a nan Tacoma ce, sai babbarta Tundra da ake haɗawa a San Antonio ta jihar Texas. Masu riƙe da kasuwar su ne Ford F-150, da Chevrolet Silverado 1500, da Ram 1500. Sama da su akwai manya, F-250 da masu lamba 2500, waɗanda shasi da sifirin da birkinsu suka fi ƙarfi.

Inda lissafinmu ya rabu da nasu shi ne wajen nauyi. A gida muddin inji na da ƙarfi kuma sifirin bai kwanta ba, ana ƙara kaya. A nan ma dillali ƙarfin ja yake fara faɗa maka, ya ce wannan tana jan kilo 5,000 (da fam suke awo, na mayar maka kilo). Gaskiya ya faɗa, sai dai ba wannan lambar ce ke yanke hukunci ba. Idan ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda mai launin ɗorawa da fari da kamfani ya manna, wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, ita kanta, za ta ɗauka. Motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya sukan bambanta a nan, domin duk wani ƙarin kayan alatu da aka sa wa mota daga wannan lambar ake cire nauyinsa.

Bari in yi maka lissafin. Ɗakin da nake so, idan an cika shi da kaya da ruwa, zai kai kilo 3,200. Ba a kan tayoyinsa duk nauyin yake sauka ba: kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana danne bayan motar ne ta wurin maɗaurin, a ce kilo 420. Haka kuma ake so, don idan gaban ɗakin ya yi sauƙi sai ya riƙa lilo a kan hanya, babbar mota na gifta ka iskarta ta kaɗa shi. Ƙarfen maɗaurin mai raba nauyi zuwa tayoyin gaba shi ma kilo 40 ne ko kusa. Ni da uwargida da yara kusan kilo 300. An tashi 760 ke nan. Wata F-150 mai kyau da na duba, takardar ƙofarta 680 ta nuna. Ka ga ta yi obalodi tun ba a jefa ko jaka ɗaya a bodi ba, duk da ƙarfin jan da ake yabo. Kada kuma a ruɗe ka da nauyin da masu ɗakin ke rubutawa a talla, wannan na ɗaki ne wayam. Lita 150 ta ruwa kaɗai kilo 150 ce. Abin da ya burge ni shi ne ba sai ka yi gardama da kowa ba. A tashoshin manyan motoci akwai sikeli na CAT, ka hau da motar da ɗakin, ka biya 'yan daloli, a ba ka takardar nauyin da ke kan gaba da baya da tayoyin ɗakin.

Sauran kayan ja ba su da wuyar dubawa. A tabbata akwai na'urar da ke kama birkin ɗakin tare da na motar, da soket mai baki 7 a baya, da abin sanyaya man giya. Idan babu su daga kamfani ana iya sawa, sai a rage a ciniki.

Wajen sanin tarihin mota kuwa sun yi mana nisa. Kowace tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Ka sa ta a Carfax, wani shafin intanet da ke tattara tarihin motoci, sai ga adadin mutanen da suka mallake ta, da jihohin da ta zauna, da haɗurran da aka kai rahoto, da mil ɗin da aka rubuta a lokuta daban-daban, ta yadda idan an juya agogo za a gane. Wadda inshora ta yanke cewa gyaranta ya fi kuɗinta, ana rubuta hakan a takardar mallakarta. Bayan guguwar Harvey ta 2017, ambaliya ta lalata motoci masu ɗimbin yawa a Houston. Irin waɗannan, da masu haɗari, su ake gwanjonsu a Copart da IAA, kuma da yawa daga can suke hawa jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas a matsayin tokumbo. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mai saye a gida fenti kawai yake gani.

Abin da takarda ba ta nunawa shi ne tsatsa. A Ohio da Michigan gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe daga ƙasa. Na kwanta a ƙarƙashin wata da tocila, jikinta na sheƙi, kujerun fata ba ko ƙwarzane, na dangwali shasin da sukundireba kusa da inda maɗaurin ke kamawa, sai ɓawon ƙarfe ya zubo mini a fuska. Wurin da zai riƙe tan uku a gangara ke nan. Shi ya sa masu sani ke neman motar da ta yi zamanta a Arizona ko Texas.

A fannin gyara dai gida ya fi. A Panteka za a kwance maka abu a gyara a mayar, ka biya daidai ƙarfinka. A nan awa ɗaya ta bakanike ta haura dala 100, kuma sau da yawa canzawa yake yi, ba gyarawa ba. Wannan ne ya sa na janye daga dizal, duk da cewa injin Cummins na Ram da Duramax na Chevrolet sun fi ja a hawan dutse. Dizal na zamani yana da matatar hayaƙi da wani ruwa da ake zuba masa don rage gurɓata iska, idan suka lalace kuɗin ba kaɗan ba ne. Ga wanda zai ja ɗaki lokacin hutu kawai, mai fetur ta wadatar.

Yanzu dai na tsaya a kan babbar mai fetur, F-250 ko 2500, daga jihohin kudu, kuma ba zan biya ba sai bakaniken da ba na mai sayarwa ba ya ɗaga ta ya duba. Kai kuma, Yaya, duk lokacin da kai ko wani na gida zai sayi tokumbo 'yar Amurka, a turo mini lambar shasin kafin a ba da ko sisi, in duba muku tarihinta daga nan. A gaishe mini da su Hajiya.