Wasiyya, kyauta, hubusi ko takardar wakilci: wacce za ka sa lauya ya rubuta maka?

Kafin ka taka ofishin lauya, ka tsayar da lokacin da kake son takardar ta fara aiki: yanzu kana da rai da lafiya, ko ranar da ciwo ya hana ka sa hannu, ko bayan rasuwa. Kowace takarda da lokacinta, kuma yawancin rigimar da ke kaiwa gaban alƙali daga nan take tasowa, mutum ya rubuta ɗaya yana zaton ta ɗauke masa ukun.

Wasiyya ita ce mafi araha, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba ta aiki sai bayan mutuwa, ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga wanda zai ci gado, sai in sauran magada sun amince. Sulusin ma daga abin da ya rage ake lissafa shi, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi. A ce mutum ya bar naira miliyan 30, ana bin sa miliyan 6. Saura 24, iyakar wasiyyarsa 8. Idan ya cike sulusin, 16 ne za a raba. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi: matar ta ɗauki tumuni, miliyan 2, kowane namiji 4, macen 2. Babu lauyan da zai canza waɗannan kasoshi. Inda wasiyya ke da amfani sosai shi ne wajen waɗanda gado ba ya kaiwa gare su: agola, ɗan riƙo, da jikokin da ubansu ya rasu kafin kakansu alhali baffanninsu na raye. A mazhabar Malikiyya baffannin sun kange su, in ba a yi musu wasiyya ba haka za su tashi hannu rabbana. A cikin wasiyyar kuma ake naɗa wasiyyi mai kula da dukiyar ƙananan yara, a lissafa bashi da ajiyar mutane.

A kula da wani tarko. Akwai lauyan da zai ɗauko tsarin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, wadda ta bar mutum ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama. A 1971, a shari'ar Yunusa da Adesubokan, Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan wasiyya daga hannun Musulmi. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi dokokinsu suka toshe ƙofar, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wasiyyar wani Musulmi a shari'ar Ajibaiye saboda ta saɓa wa shari'ar Musulunci. Don haka dokar jiharka ce abin tambaya na farko. Ko da wane tsari aka bi, a rubuta, a sa hannu gaban shaidu biyu a zama ɗaya, kuma kada shaida ko matarsa su kasance cikin waɗanda aka yi wa wasiyyar.

Mai son ya ba matarsa gidan da take ciki, ko ya mallaka wa ɗiyarsa shago, kyauta ce hanyarsa, domin ba ta da iyakar sulusi kuma ana yi wa magaji. Sharaɗinta ne ke kayar da mutane: sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa na da rai da lafiya. Uba ya rubuta ya ba ɗansa baligi gida, amma shi ke ci gaba da karɓar haya har ya rasu, to gidan zai iya komawa cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Idan filin na da satifiket, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sauya mai shi, sannan a yi rajista a ofishin ƙasa, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna. Nan kuɗin yake, kuma nan mutane ke yin ƙwauro su tsaya a takardar mai unguwa. Malamai za su tuna maka hadisin Nu'umanu ɗan Bashir kan adalci tsakanin 'ya'ya, kuma kyautar da ta fifita ɗakin wata a gidan mai mata biyu ita ce ta farko da za a kai ƙara.

Hubusi na wanda ke son a tsare asalin dukiya ne, ba sayarwa ba gado, ana cin amfaninta kawai. Ya dace da makaranta ko gidan hayar da za a ciyar da marayu, kuma a Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi. Bai dace da mai gida ɗaya tak ba.

Batun gazawa, wato shanyewar jiki ko rikicewar tsufa, shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Takardar wakilci tana ba wani damar karɓar haya ko bin takardun fili a madadinka, kuma tana da kyau ga wanda ƙafa ta gaza amma hankali na nan. Sai dai wakilci na yau da kullum yana faɗuwa idan hankalin mai wakiltawa ya gushe, kuma yana ƙarewa da mutuwarsa. Daga nan sai iyali su je kotu a naɗa mai kula, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa irin wannan batu, tare da gado, wasiyya, kyauta da hubusi, cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ɗan kasuwa zai fi samun kariya idan ya mai da harkarsa kamfani mai daraktoci biyu masu sa hannu a asusu, domin kamfani ba ya kwanta ciwo. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ƙaramin kamfani ya zauna da darakta ɗaya, amma ga wannan buƙata hakan ba shi da amfani. Mai dukiya da yawa na iya danƙa ta amana ga kamfanin amintattu mai rajista da hukumar kula da hannayen jari, da sanin cewa za su riƙa cire ladansu duk shekara.

Sunan da ka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci bai sa mutum ya zama magaji ba. Banki da kamfanin fansho galibi sai sun ga takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun jiha, ko wasiyyar da kotu ta tabbatar, kuma ana biyan kaso bisa ƙimar dukiyar.

Wajen zaɓen lauya, ka tambaye shi ko ya taɓa tsayawa a kotun shari'a kan gado, kuma ko zai yarda malamin da ya san fara'id, wato ilimin rabon gado, ya duba daftarin. Ka nemi ya raba maka ladan aikinsa daban, kuɗin gwamnati daban, a rubuce. Ka duba hatimin Ƙungiyar Lauyoyi a jikin takardar. Idan shekaru sun ja, a haɗa da takardar likita ta ranar sa hannu mai nuna hankali na nan, domin da wannan ake fara kai wa takarda hari. Asalin wasiyyar a ajiye a sashen gado na kotu, kwafi a hannun lauya, wasiyyin kuma ya san inda suke.