Gargaɗi: mai sayar da murjanin nan ya damfare ni, kada ku tura masa ko sisi

Jama'a, tun shekaranjiya nake rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa. Kuɗin da na yi wata huɗu ina tarawa, wata huɗu cur, na ɗauka na tura wa mutumin nan a kan murjani mai rai, irin wanda ake kiwo a tankin ruwan gishiri, guda goma sha biyu. Yau ko ɗaya babu mai rai. Goma sha biyu!

Kuma kada wani ya zo ya ce min ban yi bincike ba. Na yi. Na san gishirin ruwa ya tsaya a 1.025 a ma'aunin gishiri, na san zafi kada ya wuce digiri 26, ruwan da nake haɗawa ma tacacce ne, ba na famfo ba. Ni ba sakarai ba ne.

Kiran bidiyon da muka yi da shi ne ya ci ni. Ya kashe wutar ɗaki, ya bar shuɗiyar fitilar tanki kaɗai, murjanin nan suna walƙiya, kore da ruwan hoda. Sai ya ce, "Kai ai daga jin tambayoyinka ba sabon shiga ba ne, Acropora ne ya dace da kai." Acropora wani murjani ne mai tauri, mai wuyar kiwo. Wallahi kaina ya kumbura. Har yanzu in na kwanta muryarsa nake ji: kai ai ba sabon shiga ba ne. Alhali tankina sati uku da zuba ruwa.

Af, na tsallake wani abu. Kafin wannan ma shi ya sayar min da duwatsu kilo goma, wai rayayyu ne daga tsohon tanki, ƙwayoyin da ke cinye amoniya, wato gubar da ƙazantar tanki ke haifarwa, suna ciki, ba sai na jira ba. Ashe busasshen dutse ya jiƙa. Ko kuwa bayan kiran ne ya aiko su? Oho, duk yana cikin saƙonninmu, zan ɗora hotunan allon ku gani da idonku, har da shaidar tura kuɗin.

Da kayan suka iso, a farin haske yawancinsu launin ruwan ƙasa ne. Uku sun riga sun yi fari fat, ya ce wai launinsu ke nan mai tsada. Anemonin da ya ba ni "kyauta" kuwa, wata halittar teku mai kama da fure, ruwan ledarsa har ya yi rawaya, rina shi aka yi. Kwana biyu naman murjanin ya fara saɓulewa daga ƙasa zuwa sama, kafin sati sai ƙashi. Na kira shi, ya ce laifin ruwana ne. Na sake kira, ya toshe ni.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar na nuna wa hotunan. Tambaya ɗaya ya yi: "Tankin naka wata nawa?" Na ce sati uku. Ya yi shiru, sannan ya ce sabon tanki kan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin amoniya ta daina tashi, Acropora kuma sai ruwa ya zauna watanni, sinadarin kalsiyam na ruwan ya tsaya wajen 420 a ma'auni ba hawa da sauka. Farin murjani kuwa algae ɗin da ke ciyar da shi, wato ƙananan tsirran ruwa da ke zaune a jikinsa, ne ya fice, yunwa ke kashe shi. Ya ce shi da masu laushi ya fara, irin zoanthid, kuma ba ya sa komai a tanki sai ya killace shi daban tukuna.

Ku nemi hoto a farin haske. Wanda bai tambayi shekarun tankinku ba, ku bar masa kayansa.

Mai sayarwar nan ya sani fa. Na faɗa masa sati uku ne, da bakina na faɗa, ya yi dariya ya ce ba komai. Wata huɗu ina tara kuɗin nan. Yau da dare zan ɗora hotunan.