Kidron ko Hinnom, in yamma ɗaya ta rage miki a Urushalima

'Yar'uwa, kin tambayi wanne za ki ziyarta, kwarin Kidron ko na Hinnom. Tunda yamma ɗaya kawai aka bar muku, Kidron za ki je.

Ki fara daga kan Dutsen Zaitun ki gangaro da ƙafa, amma da takalmi mai kama ƙasa, don gangaren ba wasa ba ne. A gindin dutsen ga lambun Gatsemani da tsofaffin itatuwansa, ga cocin da aka kammala a 1924. Daga nan kin shiga Kidron, kwarin da Dawuda ya haye yana gudun ɗansa Absalom, shi ne kuma Yesu ya haye a daren da aka kama shi. Can ƙasa akwai hasumiyar dutse mai kusan mita 20 da ake kira kabarin Absalom. Masana sun ce sai da ya yi wajen shekara 1,000 da mutuwa aka sassaƙa ta, amma hakan bai hana mutanen zamanin da kai yaransu su jefe ta ba, don su ga ƙarshen ɗan da ya tayar wa ubansa.

In gwiwarki na da ƙarfi, ki ƙarasa ramin ruwan Sarki Hezekiya, mita 533 daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa tafkin Siluwam. Duhu ne ƙirin, ruwan sanyi yana wuce gwiwa a wasu wuraren. Ranar da muka shiga, wata mama 'yar zumuntar mata da ta fi kowa tsoro ita ce ta tayar da waƙa a tsakiya, kowa ya amsa, har Turawan da ke bayanmu suna tafi. Ki riƙe tocila da zanin canji. Ranar Asabar ramin a rufe yake.

Hinnom kuwa, to, akwai ciyawa da inuwa, da Filin Jini na Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu. Layun azurfan da aka tono a can a 1979, masu ɗauke da albarkar Littafin Ƙidaya sura 6, suna gidan tarihi, ba za ki gan su a kwarin ba. Leƙe ta tagar mota ya wadatar.

Sai ki kula da masu talla a kan Dutsen Zaitun. Wani zai miƙo miki reshen zaitun kamar kyauta, kina karɓa ya ce kawo dala. Wani ya rantse man da ke kwalbarsa na itatuwan Gatsemani ne, ko tsabar da ke tafinsa ta zamanin Yesu ce. Kada ki saya. Mai raƙumi ma ku gama ciniki, hawa da sauka, kafin ki ɗaga ƙafa, jakarki kuma ta zauna a gabanki.