Wace Manhaja Ya Kamata Malami Ya Zaɓa Domin Aikin Haɗin Gwiwa da Ɗalibansa a Legas?

Tun lokacin da aka rufe makarantun Legas a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malamai da dama suka fahimci cewa darasi yana iya ci gaba a cikin waya bayan an tashi daga makaranta. Gwamnatin jihar ta raba wa malaman firamarenta kwamfutar hannu ƙarƙashin shirin EKOEXCEL da ta ƙaddamar a 2019, amma malamin da ke koyarwa a makarantar kuɗi ko Islamiyya a Agege, Idi-Araba ko Mile 12, shi ne mai zaɓa wa kansa abin da zai yi aiki da shi, kuma galibi daga aljihunsa kuɗin data yake fita.

Kafin a duba kowace manhaja, wajibi ne malam ya san wayar da aikin zai sauka a cikinta. A gidaje da yawa na unguwanninmu yaro ba shi da waya tasa. Ta mahaifi ce, wanda yake kasuwa tun asuba kuma ba ya dawowa sai bayan isha'i, ko ta mahaifiya, wadda ma'adanarta ta riga ta cika da hotuna da saƙonnin murya. Ga kuma tsadar data, domin a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, sannan ga wutar lantarki da ba kowace unguwa ce take samun ta yadda ya kamata ba. A ganina duk manhajar da ta kasa jure waɗannan abubuwa uku ba ta dace ba, komai yawan abin da take iya yi, domin daidai ruwa daidai tsaki.

WhatsApp ita ce ta fi kusa da hannu, kuma ba ta buƙatar a koya wa kowa. Rukuni ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, saƙo yana jira har sai an kunna data, kuma saƙon murya yana isa ga uwar da ba ta karanta boko ba, abin da babu wata manhajar karatu da ta kai ta a kansa. Malamin hadda yana iya sauraron karatun ɗalibi ya mayar masa da gyara cikin minti kaɗan. Sai dai ba domin aji aka gina ta ba. Idan ɗalibai arba'in suka turo hotunan littattafansu, aikin yana nutsewa tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar biki, babu inda ake ajiye maki, kuma kowa a rukunin yana ganin lambar wayar kowa, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan akwai 'yan mata a ajin. Wanda ya zaɓe ta ya saita rukunin yadda shugabanni kaɗai za su iya aika saƙo, ya kuma ɗauke ta a matsayin allon sanarwa kawai. Telegram ta fi ta riƙe tsofaffin takardu kuma tana ba da damar ɓoye lambar waya, amma iyaye kaɗan ne suke da ita, kuma shawo kansu su sauke sabuwar manhaja aiki ne mai zaman kansa.

Inda haɗin gwiwa na gaske yake shi ne Google Docs, manhajar rubutu ta intanet da mutane da yawa za su iya aiki a takarda ɗaya, kuma nan ne nake ba malami shawarar ya fi kashe lokacinsa na koyo. A ce an ba ɗalibai biyar na ƙaramar sakandare aikin rubuta bayani kan yadda tumatir da albasa suke zuwa kasuwar Mile 12 daga Arewa. Malam zai buɗe takarda ɗaya ya aika musu da hanyar shiga, sai kowannensu ya rubuta nasa ɓangaren a lokacin da waya ta zo hannunsa, idan kuma biyu suka haɗu a ciki a lokaci guda, kowa yana ganin alamar ɗan'uwansa mai launi daban tana tafiya a kan layi. Malam ba ya goge kuskure. Yana zaɓar jimlar ne ya rataya mata sharhi a gefe, ɗalibin ya gyara da kansa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tarihin gyare-gyare, wanda yake nuna wanda ya rubuta kowane ɓangare da lokacin da ya rubuta, don haka wanda ya saba raɓewa a bayan abokansa ba zai ƙara cin makin da bai yi wa gumi ba, muddin kowa ya shiga da asusunsa. Ana iya ajiye takardar a waya a ci gaba da rubutu ba tare da intanet ba, rubutu kuma ba ya cin data sosai. Gboard, madannin rubutu na Google a waya, yana da haruffan Hausa masu lanƙwasa, kuma takardar tana karɓar rubutun Larabci daga dama zuwa hagu. Asusun Google na kyauta yana zuwa da ma'adana mai gigabait 15, wadda za ta ishi malami muddin bai cika ta da bidiyo ba. Raunin tsarin shi ne cewa rubutu mai tsawo a ƙaramar waya yana gajiyarwa, kuma yaron da bai kai shekara 13 ba ba ya buɗe asusu shi kaɗai sai ƙarƙashin kulawar iyaye.

Google Classroom, wadda ta fito a 2014, tana ɗora tsari a kan wannan: raba aiki, sa ranar ƙarshe, ganin wanda ya miƙa da wanda bai miƙa ba, da ajiye maki wuri ɗaya. Akwai sharaɗin da malamai da yawa ba sa lura da shi, wato kamfanin ya tanadi cewa idan ɗaliban makaranta ne za a koyar, makarantar ce za ta yi rajistar asusun ilimi, ba malam ya buɗe aji da asusunsa na kansa ba. Matakin farko na wannan rajista kyauta ne ga makarantun da suka cika sharuɗɗa, amma yana buƙatar makarantar ta mallaki adireshinta na intanet da mutumin da zai riƙa kula da asusun ɗalibai, saboda haka magana ce ta mai makaranta da shugaban malamai.

Microsoft Teams ta haɗa hira, taron bidiyo, Word da PowerPoint a wuri guda, kuma ita ma tana da matakin kyauta ga makarantun da aka tantance, amma tana da nauyi a kan ƙananan wayoyi, don haka ta fi dacewa da makarantar da ke da ɗakin kwamfuta da janareta ko sola. Moodle kuwa, manhajar tsara darussa a intanet wadda ake amfani da ita tun 2002, kyauta ce amma sai an nemi inda za a girka ta da ƙwararren da zai kula da ita. Ta manyan makarantu ce.

Darasin bidiyo kai tsaye shi ne abin da ya fi burge iyaye, kuma shi ne nake ajiyewa a ƙarshe. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet kuma bayan awa ɗaya idan mahalarta sun kai uku, amma ba wannan ce babbar matsalar ba. Awa ɗaya ta bidiyo tana cinye ɗaruruwan megabait, kuma tana buƙatar kowane yaro ya samu waya da caji da sabis a lokaci ɗaya, wanda ke nufin 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su halarta. A bar shi domin taron iyaye ko bitar jarrabawa.

Abubuwa biyu sun shafi kowane zaɓi. Manhaja tana iya mutuwa: Edmodo, manhajar aji ta intanet wadda malamai a ƙasashe da yawa suka dogara da ita, ta rufe a 2022, Google kuma ya dakatar da allonsa na Jamboard a ƙarshen 2024, saboda haka a riƙa sauke kwafin darussa da maki a ƙarshen kowane zango. Sannan sunayen yara da hotunansu da makinsu amana ne, kuma dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta buƙaci a nemi yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro.

Ga malamin da yake shi kaɗai, shawarata ita ce ya haɗa WhatsApp domin sanarwa da Google Docs domin aikin rukuni, ya kuma nemi makaranta ta yi rajistar Classroom idan abin ya karɓu. Kafin ya sanar da iyaye, ya ari waya mafi rauni a cikin wayoyin gidajen ɗalibansa, ya buɗe takardar a cikinta da datar yau da kullum, ya duba tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta buɗe da adadin datar da ta ci, sannan ya fara da rukuni ɗaya da aiki ɗaya na mako biyu.