Ajin Turancin da ya koya mini taɓo magana a wuce

Na kammala wani ajin Turanci na intanet na mako shida da na biya don shirin jarrabawar IELTS, wadda ake gwada ƙwarewar Turanci da ita. Abokan aikina a asibiti sun yi ta tambayata ko ya ci kuɗinsa, shi ya sa nake rubuta wannan. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya tana neman maki 7 a jimilla, da 7 a sauraro da karatu da magana, sai 6.5 a rubutu. Ɓangaren magana ne ya fi tayar mini da hankali, don a cikin minti 11 zuwa 14 ake yanke wa mutum hukunci.

Ana yin ajin ta Zoom bayan sallar isha, sau uku a mako, kuma ana turo bidiyon darasin washegari, abin da ya cece ni a makonnin da nake aikin dare. Darussan nahawu ba su ƙara mini komai ba. Darasin mako na uku ne ya biya ni kuɗina, kuma a kan abu ƙarami aka yi shi: yadda za ka ratse daga maganar da kake yi, ka taɓo wata, ka dawo kan hanya.

Mu a Hausa wannan ba ya ba mu wahala. Muna cewa "af, kafin in manta", ko "tunda magana ta zo", sai mu rufe da "to, mu koma kan batunmu". Amma a Turanci "by the way" kaɗai na sani, kuma da ita nake yin komai. Malamin ya nuna mana cewa kowace kalma da muhallinta. "By the way" ta hira ce. "Incidentally" ita ce yayarta mai kamun kai, ta dace da taro ko wasiƙar aiki. "Touch on" daidai take da taɓo batu, wato ka ɗan yi magana a kai ba tare da ka zurfafa ba. "In passing" kuma ita ce faɗin abu a wuce, sama-sama. In ka ji ka yi nisa da ratse, sai ka ce "but I digress" ko "anyway" ka dawo.

Inda na fi ƙaruwa shi ne "allude to". Na daɗe ina ɗaukar ma'anarta ambaton abu a taƙaice. Ashe ambaton abu ne a fakaice, ba tare da ka kama suna ba. Wata 'yar ajinmu ce ta ce, "Malam, ai wannan kamar a fakaice ne a Hausa", shi kuma, duk da ba Bahaushe ba ne, ya sa ta yi wa aji bayani. Daga ranar ban sake haɗa su ba. Haka ya yi da "go off on a tangent": ya zana da'ira, ya ja layin da ya taɓa ta a wuri ɗaya ya wuce abinsa, ya ce haka mai sakin layi yake yi wa magana.

Akwai gyaran da ya yi mini wanda har gobe ina tuna shi a bakin aiki. An ce kowa ya kawo misali daga sana'arsa, sai na kwatanta miƙa aiki ga mai karɓata, na ce, "Incidentally, the patient is allergic to penicillin." Ya dakatar da ni. Ya ce jimlar ba ta da kuskuren nahawu, amma kalmar tana sanar da mai sauraro cewa abin da ke tafe na gefe ne, alhali maganin da jikin majiyyaci ba ya karɓa magana ce ta rai. A nan sai a fito da ita fili tun farko. Wannan gaskiya ne, kuma babu jerin kalmomin da zai koya maka shi sai malami mai sauraron abin da kake nufi.

Ga jarrabawar kanta, amfanin yana kashi na biyu na ɓangaren magana, inda ake ba ka kati da minti ɗaya na shiri, sannan ka yi magana har minti biyu. Da can maganata kan ƙare tun kafin lokaci ya cika. Yanzu nakan ɗan ratse in ƙara wani bayani, in dawo, ba tare da zaren ya tsinke ba.

Abin da ya ɓata mini rai biyu ne. Mun yi yawa a ajin, har wani daren sai a tashi ban buɗe baki ba, ga shi kuwa magana na zo koyo. Sannan an kashe mako na biyar wajen haddar kalmomi irin su "apropos" da "en passant", waɗanda aro ne daga Faransanci kuma ban ga majiyyacin da zan faɗa wa su ba. Na gwammace a ce an ba mu lokacin mu yi ta maimaita biyar ɗin farko har su zauna a baki. Wannan giɓin da kaina na cike shi a shafin Cambridge Dictionary, wanda kyauta ne, yana da misalai da lafazin Ingila da na Amurka.

Wadda ta riga ta iya nahawu kuma take son maganarta ta yi tsari, ina ba ta shawarar ta shiga irin wannan aji. Sai dai kafin ki tura kuɗi, 'yar uwa, ki tambayi mutum nawa ne a ajin, kuma minti nawa za a ba ki ki yi magana a kowane zama.